Cikin Ladidi Ba Ya Son Nono

A zamanin da, a wani ƙauye, an yi wata mata mai 'ya ɗaya, sunanta Ladidi. Duk ranar da Ladidi ta sha nono, sai cikinta ya murɗa, ta wuni kwance tana murƙususu.

Wata rana suka je gaida Goggo, yayar mahaifin Ladidi. Goggo ta dama fura da nono, ta ce, "Sha, 'yata."

Uwar ta ce, "Yaya, cikinta ba ya son nono."

Goggo ta ce, "Shagwaɓa ce kawai. Sha, 'yata."

Kunya ta kama uwar, don ba a mayar da hannun babba baya. Amma da ta ga Ladidi ta ɗauki ludayi idonta cike da ƙwalla, sai ta durƙusa ta ce, "Ki gafarce ni, Yaya. Ni zan sha nawa da nata. Cikinta ba ya son nono."

Goggo ta ɗaure fuska, ta daɗe tana kallon yarinyar. Can ta ce, "To, me cikin naki yake so?"

Ladidi ta ce, "Kunun tsamiya."

Goggo ta miƙe tana 'yan gunaguni, ta hura wuta.