Amsar da Zayyad Bai Karanta Ba

A tashar motar Gumel Zayyad ya fara ganin Rayhana, ta duƙufa kan waya tana girgiza kai. Da ya leƙa sai ya ga aikinsu ɗaya: duba amsoshin da na'ura mai ƙwaƙwalwa ke ba manoma da Hausa. Manhajar wayar da suke aikin a kanta ba ta da shugaba. Kowane mai dubawa yakan ajiye kuɗi a matsayin jingina. In ya faɗi gaskiya a biya shi, in aka kama shi da ƙarya jinginar ta tafi.

"Malama, amsar ce ta ɓata miki rai?"

"Ƙarya ce ta sha kwalliya," ta ce, tana murmushi.

Kafin damina ta faɗi, babur ɗinsa ya haddace hanyar gidansu a Gagarawa. Yana ce mata Raina, tana ce masa Sahibi.

Abu ɗaya ya ɓoye mata. Saboda zumuɗin haɗa lefe, ya shiga gungun wasu samarin Maigatari masu haɗa baki su danna "daidai ne" ba tare da karantawa ba, tunda yawansu yana rufa musu asiri.

Sai ga tsutsa ta faɗa wa riɗin mahaifinta, Malam Gudaji. Rayhana ta karanta masa awon maganin feshi daga wayarta, hankalinta kwance, don mutum goma sha biyu sun tabbatar da amsar. Ashe awon ya ninka sau uku. Gonar ta ƙone ƙurmus.

"Sahibi, da bakina na karanta wa Baba," ta ce cikin kuka.

Zayyad ya duba tarihin aikinsa. Yana cikin sha biyun. Bayan kwana huɗu ya rubuta mata:

"Raina, daina zargin kanki. Ina cikin waɗanda suka tabbatar da amsar nan, kuma ban karanta ba. Ki yafe mini in za ki iya."

Ta amsa: "Ba ni za ka fara gaya wa ba."

Ya tona asirin gungun a manhajar, har da kansa. Jinginarsa ta tafi, abokai suka daina gaishe shi. Sannan ya je ya durƙusa gaban Malam Gudaji, ya faɗa masa gaskiya.

"Wanda ya sa hannu kan abin da bai karanta ba, shi zan ba 'yata? Tashi ka ba ni wuri."

Washegari Zayyad ya dawo da fartanya. Tare suka shuka wake a ƙonanniyar gonar, tsohon bai ko kalle shi ba. Sai ranar roro ya ce, "Da ka yi shiru, har abada ba zan sani ba. Turo magabatanka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure, da akwati ɗaya tal. Malam Gudaji ya dafa kan angon ya ce, "Na yafe, Zayyad. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."