Wanda Ya Yafe Ƙafar Almu

Ranar da Almu ya fara ganin Huseina, kekensa ne ya kunyata shi. Lokacin cirar auduga ne, a shekarar 1967. Yana tafe bisa gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin Jazira, sai ya hango wata yarinya ta sauke buhun auduga tana gyara mayafi. Ido ya tafi can, tayar gaba ta kama nata gaban, sai ga saurayi tsamo-tsamo cikin ruwa har ƙugu.

Ba ta yi dariya ba sai da ta tabbatar bai ji ciwo ba. Daga nan kuwa ta yi ta har da riƙe ciki.

"Sannu, mai keke. Mi kaka biɗa cikin ruwa?"

"Abin da nika biɗa bisa gaɓa yake," in ji shi, yana matse bakin rigarsa.

Ta ja mayafi ta rufe baki, ta ɗauki buhunta ta wuce. Sunan dai ya bi shi: Mai-keke.

Huseina 'yar Malam Jibril ce, limamin Hillat Mati, ƙauyen Hausawa da ke kusa da garin Hasahisa, kudu da Hartum. Kakanninsu sun taso daga ƙasar Sakkwato za su Makka, hanya ta ajiye su nan. Shi kuwa Almu maraya ne, daga shi sai mahaifiyarsa Iya Indo, sai hawasha guda, wato gonar noman rani da ya gada daga ubansa. Da ya ji cewa abokiyar tagwaicinta ta rasu tun suna goye, sai ya soma kiranta 'Yar-biyu.

"Ai an daɗe da raba ni da ta biyun," ta ce masa wata rana a zauren gidansu.

"Ga ni na zo in cike gurbin."

"Kai da ko keke ba ka iya ba?"

Haka suka yi ta yi, yau zolaya gobe kunya, har magana ta je gaban Malam. Malam ya yi na'am, don shi ya karantar da Almu allo, ya san halinsa. Aka tsayar da magana sai bayan girbin dawa.

Ba a kai girbin ba. Wata safiya Almu na kan hanyar hawasha, lorin wani kamfanin sufuri ya taho a guje bisa ƙuntatacciyar gaɓar nan, an lafta masa dilolin auduga fiye da ƙima. Direba ya taka burki, burki ya ƙi. Da aka janye Almu daga ƙarƙashin motar babu wanda ya zaci zai kai asibitin birnin Madani da rai. Ya kai. Likitoci suka yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, ya yi kwana huɗu bai san inda yake ba.

A rana ta uku wakilin kamfanin ya zo Hillat Mati. Ya zo da rago da buhun sukari da ganyen shayi, ya tuɓe takalmi ya zauna kan tabarma kamar mutumin kirki, ya ce sun zo neman sulhu. Dattawa suka dubi juna. Mutanenmu na da wata ɗabi'a, wadda rabinta tawakkali ce, rabinta tsoro. Suna ganin abin kunya ne Musulmi ya ci kuɗin jininsa a kan abin da Allah ya ƙaddara. Ga shi kuma kowa na shakkar kotu, inda kafin a tambaye ka abin da ya kawo ka za a tambaye ka takardar zama ɗan ƙasa.

Iya Indo na Madani bakin gadon ɗanta. Malam Jibril ya tsaya a matsayin uba.

"Mun yahe don Allah," ya ce. "Halas, magana ta ƙare."

Aka shafa Fatiha. Wakili ya fito da wata takarda, Malam ya sa hannu, aka yanka rago aka ci. Da zuciya ɗaya Malam ya yi abin nan, wannan kam ba a musu. Sai dai ƙafar ba tasa ba ce.

Almu ya yi wata biyu a asibiti. A can wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ke kwance a gadon kusa da shi ya buɗe masa ido. Ya ce doka ta ba shi damar neman diyya, ta'awid a bakin Larabawa, kuma da ita zai sami ƙafar roba a Hartum, ya ɗauki masu yi masa aiki a hawasha kafin hukumar noman ta ƙwace ta ta ba wani. Almu ya dawo gida da sanduna biyu da wannan magana. Da ta kai kunnen Malam, sai ya aiko a faɗa masa:

"Na shafa Fatiha gaban jama'a. Wanda duk yaj ja Fatihata zuwa mahkama, ya maishe ni maƙaryaci, kuma ba ni ba shi ɗiyata."

To, ga Almu gaba kura baya sayaki. In ya je kotu ya rasa Huseina. In ya zauna, da me gurgu marar gona zai riƙe mata?

Abin da ya fi ci masa rai shi ne tun da ya dawo bai sa ta a ido ba. Bai san Malam ne ya hana ta fita ba. Abin da ya sani kawai, Alhasan mai kanti a Hasahisa ya soma zarya gidan, har ya kai tob mai tsada, irin lulluɓin da matan birni ke yi, kuma an karɓa. Almu ya kwana biyu yana juya abin. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta da ajami, ya ba Iya ta kai.

"Huseina, gaisuwa. Na ji labarin Alhasan. Mutumin kirki ne, kuma da ƙafafunsa biyu. Ban riƙe ki da komai ba. Wanda kika yi wa alkawari ya mutu ƙarƙashin lori, wannan da ya saura bai da abin da zai ba ki. Ki yafe mini. Almu."

Iya ta ce yarinyar ta karanta a tsaye, ta zauna ta sake karantawa, sannan ta yi kuka irin wanda ba ya fitar da sauti. Washegari amsa ta zo cikin kwanon kisra, wato wainar dawa, an naɗe ta a ƙarƙashin murfi.

"Mai-keke, ka ba ni haushi. Ko 'Yar-biyu ba ka iya rubutawa ba? Tob ɗin Alhasan yana nan cikin takardarsa, ban taɓa shi ba, Inna ce ta karɓa. An hana ni fita, ba don haka ba da ka gan ni tun ranar da ka dawo. Ban yi wa ƙafarka alkawari ba, kai na yi wa. Kuma ka ji da kyau: ka je ka nemi haƙƙinka. Baba ubana ne, ina son shi, amma bai kyauta maka ba. In zuwanka ya sa an hana ka ni, zan jira. In aka ce in auri wani, zan ce a'a har su gaji. Kada ka zauna kana ja da gindi saboda ni, ba zan iya ɗaukar wannan nauyi ba. Taka, 'Yar-biyu."

Almu ya kifa takardar a fuskarsa ya yi kukan da bai yi ba ranar da ya farka ya ga bargo a kwance inda ƙafarsa take.

Ya hau jaki ya je Hasahisa, ya sami muhami, wato lauya, ya shigar da ƙara. Ƙauye ya juya masa baya. A masallaci sahu na cika ta ko'ina ban da gefensa. Tsofaffi na cewa yaro ya sayar da jininsa, wasu na cewa zai jawo a zo ana binciken takardun kowa. Wata bakwai ana kai da komowa, yau a ɗaga gobe a ɗaga, ciyawa na cin hawasha. Alhasan ya gaji da gaisuwar da ba a amsawa, ya aiko a maido masa tob ɗinsa. Huseina ta rame har wuyanta ya fito.

Ranar zaman ƙarshe, lauyan kamfani ya miƙa takardar yafiya, ya ce ga shaidarsu nan, limamin gari da kansa. Aka kira Malam Jibril. Ya shigo da farin rawaninsa, bai dubi inda Almu yake ba. Ya tsaya ya dogara bisa sandarsa. Da Almu ya ga malaminsa tsaye gaban alƙali kamar mai laifi, sai da ya kama hannun lauyansa ya ce a janye ƙarar. Lauya ya ce ya yi haƙuri tukuna.

Kafin a soma tambayar Malam, alƙali ya ce yana son ya ga raunin da idonsa. Almu ya sunkuya ya warware ƙyallen, zagaye bayan zagaye. Dungulmin ya fito, ga tabon ɗinki, fatar ta tattare ta yi baƙi.

Sai a lokacin Malam ya juyo. Duk tsawon watannin nan bai taɓa ganin abin da ya yafe ba. Ya daɗe yana kallo.

"Ya shehu, kai ka sa hannu a wannan takarda?" in ji alƙali.

"Ni na sa."

"Mai raunin ne ya wakilta ka?"

Lauyan kamfani ya yi gyaran murya. Malam ya buɗe baki da Larabci, maganar ta sarƙe, sai ya koma harshen uwarsa, tafinta na juyawa.

"Bai wakilta ni ba. Sa'adda munka ci ragon, yaron ga bai san inda kainai yake ba. Na yi kyauta da abin da ba nawa ba. Shekara talatin ina karantar da mutane haƙƙin wani ba ya yahuwa sai ga mai shi, ga shi ni na taka. A rubuta haka."

Aka rubuta. Alƙali ya soke takardar, ya yanke wa kamfanin biyan diyya. Babu wanda ya tambayi takardar kowa. A waje Malam ya wuce Almu, ya hau motar kasuwa ya koma gida. Kwana tara bai ja salla ba, ya ce na'ibi ya ja.

Almu ya je Hartum aka gwada masa ƙafa. Ta yi masa nauyi, tana cizon dungulmin, tana ƙara in ya taka. Ya dawo yana ɗingishi amma ba sanda. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sallame, Malam Jibril ya miƙe ya ce kowa ya dakata.

"Almu, matso."

Almu ya ratsa sahu, ƙafar na ƙara a kowane taku.

"Gaban mutanen ga na yahe ƙafarka ba da izninka ba. Gabansu nika roƙonka. Ka yahe mini, in ka ga dama. In ba ka ga dama ba, haƙƙinka na."

Almu ya so ya durƙusa, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Ya tsaya a tsaye hawaye na zuba.

"Na yahe, Malam. Duniya da lahira."

"To, alhamdu lillahi. Wa ad da goro cikinku? A ɗaura auren ga yanzu, kahin in sake yin wani kuskure."

Masallaci ya ɗauki dariya, wasu na share ido da bakin rawani. Aka ɗaura a take, aka yi addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya tsare sauran gaɓoɓi.

Bayan sati aka kai amarya da la'asar, mata na guɗa. Da jama'a suka watse, Almu ya zauna bakin gado ya rasa yadda zai yi. Ƙafar ta dame shi tun safe, yana jin kunyar cire ta a gabanta. Huseina ta lura. Ta yaye lulluɓi, ta ɗebo ruwan ɗumi a kwano, ta durƙusa ta soma kwance maɗaurin da hannunta mai lalle.

"Bari, 'Yar-biyu. Ba shi da kyan gani."

"Kowa ya gani, har alƙali. Ni kaɗai za a hana?"

Ta jingine ƙafar da bango. Ta ga inda fatar ta saluɓe, hawayenta ya ɗiga cikin ruwan, amma hannunta bai tsaya ba. A hankali ta wanke wurin, ta shafa masa mai.

"Ba za ta dawo ba, kin sani," ya ce.

"Na sani." Ta ɗago ta dube shi. "Gobe in za ka hawasha ka tashe ni mu tahi tare. Ka yi tafiyarka yadda ka iya, ni ba sauri nika yi ba."

Allah ya bar su tare, ya sa albarka a abin da ya saura.