Abin da Na Ƙona a Gonar Hamed

Bayan la'asar Hamed ya aike mu gonarsa da ke hanyar Tamanhint, ni da Mounkaila, mu kankare masa tsatsar wani tsohon tankin ruwa. Hamed shi ne mai warshar, wato shagon aikin ƙarfe, da muke aiki a unguwar Jadid. Mounkaila yayana ne na zaman tare, shi ya kawo ni Sabha, ɗakinmu ɗaya. Ni kuwa Djibrilla. In ka taɓa jin labarin wanda ya zuba wa mai gadin kasuwa ƙadangare a aljihu, to ka san ni.

Muka ɗora injin leza, mai kankare tsatsa da haske, da janareta a bayan mota. Duk warshar babu mai riƙe bindigar injin nan kamar ni. Lekol dai, wato makarantar boko, tun tuni muka rabu, ba ta neme ni ba, ban neme ta ba, amma hasken nan na san halinsa. Abu mai duhu yake so. Da ya sauka kan tsatsa sai ta shanye shi, ta yi zafi farat ɗaya ta tashi hayaƙi, tun ƙarfen da ke ƙasa bai san an yi ba. Ka taɓa wurin, ɗumi kawai za ka ji. In ƙarfe mai sheƙi ya tarar, sai ya dawo maka a fuska. Dalilin tabarau ke nan.

Tankin na kwance bayan dabinai, ja jawur, da ƙaramar ƙofa a gefe. Mounkaila ya rarrafa ciki da tsintsiya don ya fitar da rairayi.

"Kai, ɗan iska," ya ce daga ciki, "in ka rufe ni, yau sai na karya ka."

"Yaya, ni? Ni da na tuba tun jiya?"

Na ta da janareta, na sa tabarau, na fara daga ƙarshen tankin. Zzzz. Layin haske yana tafiya, ƙarfe yana fitowa fari tas. Rana na bayana, ta yi ƙasa, inuwata ta miƙe a jikin tankin.

Sai na ga inuwa ta biyu.

Tana gefen tawa. Ta fi tawa tsawo, wuyanta siriri.

Na waiwaya. Dabinai. Rairayi. Mota.

Na yi dariya. Na ɗauka Mounkaila ne ya fito ta wani wuri zai rama abin da nake masa. "Yaya, wannan wasan ai ni na ƙago shi!"

Gwaram! Ƙofar tankin ta rufe.

Tsintsiya ta daina ƙara.

Na ja mariƙin. Sanyi ƙalau, a wannan zafin na hamadar Fezzan. Ko motsi bai yi ba.

"Djibrilla…" Muryarsa can ƙasa, kamar daga rijiya. "Ba ni kaɗai ba ne a nan."

Wari ya taso, irin na tsohon ruwa da ya kwana a salka. Inuwar ta zame a jikin tankin, a hankali, ta zo ta tsaya kan ƙofar. Wata murya ta yi magana daidai kunnena, a bushe, kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Gidana kake kankarewa. Na ɗauki ɗaya a madadi. Tafi."

Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Amma bakina bai taɓa neman izinin tsoro ba.

"Ka ɗauki wa? Wannan mai minsharin? Ni kaɗai ke da ikon wahalar da shi. Buɗe!"



Na duba da kyau. Inda na riga na kankare, inuwar ba ta taka wurin. Tsatsa take bi. Na duba rana. Saura kaɗan ta taɓa rairayi, kuma in ta faɗi, duniya duka inuwa ce.

Na yi bisimilla, na danna.

Ban fara da inuwar ba. Kewaye ta na yi. Na kankare dama, na kankare hagu, na share sama. Tsatsa na tashi, fili na raguwa. Inuwar ta takure. Ta lanƙwashe wuya. Ta dunƙule a kan ƙofar, inda tsatsa ta rage.

Cikin tankin wani abu yana bugawa. Dum. Dum. Bugun yana rage ƙarfi.

"Yaya, riƙe numfashinka, ga ni!"

Na miƙa hannun hagu zan kama mariƙin. Inuwar hannuna ta riga ni sauka kan ƙofar.

Aka cafke ta.

Sanyi ya soke ni daga wuyan hannu har haƙora. Na fizge hannuna baya. Hannun ya dawo. Inuwarsa ba ta dawo ba. Tana can manne a ƙofar, yatsu a buɗe, wasu dogayen yatsu sun naɗe ta.

"Ƙona ni," in ji muryar, "ka ƙona kanka."

Rabin rana ya nutse.

Bugun ya tsaya.

"Hannu biyu gare ni," na ce. "Yaya ɗaya."

Na danna.

Ba ƙarar tsatsa na ji ba. Ƙara ce kamar an jefa kitse a wuta. Warin ƙonannen gashi ya cika min hanci. Na yi ihu, wani abu ya yi ihu tare da ni, janareta na kakari. Ban saki ba. Na bi ƙofar layi layi har ta yi fari, har hasken ya fara dawo min a tabarau.

Ƙofar ta buɗe da kanta.

Na jawo Mounkaila ta ƙafa. Jikinsa kamar an fito da shi daga firij, bakinsa cike da rairayi. Na dake shi a baya. Ya yi tari. Ya sake yi.

Ban tsaya naɗe waya ba. Na watsa komai a mota, na taka ta har muka ga fitilun Sabha.

Hannuna na nan, yana aiki, yana cin tuwo. Sai dai bai ƙara yin gumi ba, kuma inuwata a wuyan hannu take ƙarewa ta hagu, a yanke tsaf kamar da reza.

Mounkaila bai taɓa ba kowa labarin ba. Yanzu in za mu kasuwa, a haguna yake tafiya, yana matsowa don inuwarsa ta rufe tawa.

Ni kuwa sai in ture shi, in ɗaga hannun sama.

"Matsa, Yaya. Bari su gani."