Hannun da Ya Ja Ni a Lambun Makafi

A lambun shaƙatawa na garinmu akwai sashen da aka yi wa makafi irina, mai furanni masu ƙamshi da hanyar tsakuwa. Nan 'yata ta zaunar da ni da magariba, ta tafi sayo ruwa.

Can sai aka kama hannuna. "Baba, tashi, za su rufe."

Muryarta ce, don haka na bi. Amma hannun sanyi ƙalau, kuma a kan tsakuwar takun ƙafata kaɗai nake ji. Ƙamshin furanni ya ɗauke, ƙarnin tafki ya daki hancina.

Sai na jiyo 'yata can baya tana kururuwa: "Baba, tsaya! Ina za ka kai kaɗai?"

Hannun ya ƙara damƙe ni.