Rediyon Ɗakin Ajiya

Ka taɓa cire wani abu daga kayan gidanku, kana cewa ai ba mai lura?

Auta ya gama karatun injiniya, kansa fal da dabaru. Ya tono tsohuwar kwamfutar marigayi babansa, ya ci alwashin haɗa mata ɗan allon da zai sada ta da talabijin na zamani. Da hannunsa ya zana layukan tagulla, ya huda, ya liƙa. Saura ɗan ƙaramin kayan lantarki guda da ake kira tiransista, irin wanda aka daina yi.

Akwai irinsa a tsohon rediyon Kaka mai jikin katako.

Rediyon nan ba ya kama tasha, sai shuuu. Amma kullum rana ta yi ja, Kaka kan kunna shi a ɗakin ajiya, ta ja ƙofa.

"Tsohuwa, wa ke sauraron wannan hayaniyar?"

"Waɗanda suka riga kakanka zama a gidan nan, angona. In suna jin ta, ba sa fitowa. Kai dai je ka nemi aiki."

Dariya ya yi. Ranar da ta tafi dubiya asibiti, ya kwance bayan rediyon, ya ciro abinsa.

Dab da magariba allon ya kawo. Koren rubutu ya fito a talabijin. Ɗakin na ta warin dalma, Auta na murmushi shi kaɗai.

Sai warin ya sauya. Jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tsohon tsumma.

Ƙofar ɗakin ajiya ta yi ƙiii.

Rubutun ya ɓace, talabijin ta fara shuuu. Wani abu na tahowa, kamar ana jan tabarma. Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarsa. Ba na mutum ɗaya ba. Sun sunkuyo ta kafaɗunsa, suna saurare.

Ya fizge wayar wuta. Allon ya yi tartsatsi, tiransistan ya ƙone.

Tsit.

Yatsu suka lalubo maƙogwaronsa, suna matsawa, suna neman inda ƙarar ta shige.

"Kada ka juyo, Auta," muryar Kaka ce daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa.

Sai ta fara da bakinta: "Shuuu... shuuu..."

Yatsun suka sake shi. Jan tabarmar ya bi muryarta har ɗakin ajiya.

Ba ta yi masa faɗa ba. Da ma ta yi. Ya sayo sabon rediyo, sun ƙi. Ya ce zai karɓe ta, nasa bakin ma sun ƙi. Yanzu kowace magariba tana zaune a ƙofar ɗakin, tana shuuu har tari ya sarƙe ta. In ta numfasa sai ta ce, "Angona, ka ci abinci kuwa?"

Muryarta ta fara dushewa.

Don Allah, ka duba cikin tarkacen gidanku yau. In akwai tsohon rediyo mai jikin katako, ko matacce ne, kada ka jefar. Ka yi cigiyar Auta, ka kai masa.