Kogin da ke Ƙarƙashin Gonar Baba

A ɗakin taswira na kamfanin neman ma'adinai suka fara haɗuwa. Matuƙin jirgin da ke shawagi ƙasa-ƙasa da na'urorin auna cikin ƙasa ya kawo sakamakon awon safiya, sai ya tarar da wata budurwa mai fassara taswirorin kamfanin tsaye gaban allon kwamfuta, launuka ja da shuɗi suna haska fuskarta.

"Me kike kallo haka, kamar mai duban sabon wata?" ya tambaye ta.

"Abin da ka wuce ta kansa ba ka gani ba," in ji ta. "Kai rufin gidaje ka gani. Ni kuwa duwatsun da Allah ya shimfiɗa tun ba a halicci mutum ba nake kallo. Kowane launi yana faɗin yadda dutse ke jan maganaɗisu, ko yadda lantarki ke ratsa shi."

Tun daga ranar yake kiranta Idona.

Wata rana saƙonsa ya shigo wayarta: "Idona, jirgi ya sauka lafiya, zuciyata ce ta ƙi sauka. Ki ba ni izinin gaida Baba."

Ta amsa: "Sarkin Sama, ka fara yin la'asar, sannan mu yi magana."

Ana cikin haka jirgin ya auna yankin da gonar mahaifinta take, wani zane mai launin ja ya bayyana daidai ƙarƙashinta. Mataimakin shugaban kamfanin, wanda ya daɗe yana nemanta tana kaucewa, bai jira fassararta ba. Ya garzaya wurin dattijon ya ce tagulla ce, za a tone gonar, kuma matuƙin ne ya jawo.

"Gonar da na gada, da bishiyoyin da mahaifiyarki ta dasa da hannunta?" in ji Baba da ta koma gida. "Wanda ya nuna wa masu haƙa ita ba zai zauna a tabarmata ba."

Ba ta yi musu ba. Ta koma kan taswirorin, tana roƙon Allah ya tsare ta daga ganin abin da zuciyarta ke so kawai. Da ta gamsu, ta nemi Baba ya zo ofis.

"Baba, jijiyar ma'adini a yankin nan miƙewa take yi, kuma maganaɗisu yana jin ta. Wannan kuwa lanƙwasa take, ta rabu, ta sake haɗuwa, maganaɗisu bai ji komai ba. Me ke tafiya haka?"

Dattijon ya gyara tabarau, ya bi zanen da yatsa a hankali. "Kogi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Tsohon kogi ne da ƙasa ta binne. Yashinsa na riƙe da ruwa, shi ya sa lantarki ya ratsa shi kamar tagulla. Sai an huda za a tabbatar. Idan kuwa tagulla ce, Baba, tagulla zan rubuta."

Ya dube ta, ya miƙe ya fita.

Ranar da aka huda, babu alamar tagulla. Ruwa ne ya taso, mai sanyi, garau. Baba ya durƙusa ya tara hannu biyu, laɓɓansa na motsi da tasbihi.

"Tun ina yaro nake jiran girgije, ashe kogi nake takawa," ya ce. Ya share fuska. "Ina tsuntsun nan naki?"

Matuƙin ya fito daga bayan mota, ya durƙusa. "Ga ni, Baba."

"Ashe kana iya zama a ƙasa. To, ka turo magabatanka."

A inuwar bishiyoyin gonar aka ɗaura auren. Bayan addu'a, Baba ya kira su ciki, ya haɗa hannuwansu cikin nasa.

"Allah ya sa alherin da ke ɓoye a tsakaninku ya fi wanda ido ke gani. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari."

Suka amsa da amin, kai a sunkuye.