Ƙanzon Gidan Selso

"Ko'ina a Jidda na yarda, Mus'ab, amma ban da can."

"Ban da can? Habibti, kin ma taɓa shiga kuwa?"

Ikilima ta matse wayar a kunne, ta jingina da bangon ɗakin canza kaya na asibitin da take aikin jinya. Ta ƙofar gaba dai ba ta taɓa shiga gidan abincin Selso ba. Ta baya kuwa, inda ake jibge buhunan albasa, ko an rufe mata ido za ta kai kanta.

"Abincinsu ne... maiƙo ya yi masa yawa."

"Yau kuma? Ke da mutabbak, duk maiƙonsa, ba ya wuce ki?" Ya yi dariya. "Na riga na gaya wa Yumma, har ta sa an turara mata mayafi. Halas, bayan la'asar. Don Allah, ruhina, na daɗe ina jiran ranar da za ku ga juna."

Magana ɗaya za ta yi komai ya wuce. Ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana cewa, "Tayyib. Allah ya kai mu."

Wata takwas ke nan suna tare. Mus'ab ɗan Hausawan Sudan ne, marigayi mahaifinsa ya bar musu rumbunan ajiyar kaya a Khumra. Ranar da ya tambaye ta sana'ar babanta, ta ce, "Harkar abinci yake yi a wajen Balad." Ba ƙarya ta yi ba, amma abin da ta faɗa da ƙarya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Mus'ab ya ɗauka ɗan kasuwa ne, ita kuma ta bar shi a haka.

Baban nata kuwa, Malam Adamu, shekararsa talatin da ɗaya a madafar gidan abincin Selso. Da wankin kasko ya fara, har ya zama shi ke tsaye a kan wuta. Tun da mahaifiyarta Saudatu ta rasu tana 'yar shekara shida, kullum ya taso aiki sai ya shigo ɗakinsu na unguwar Mahjar da ɗan ƙulli a takarda mai ƙyalli. Ƙanzo ne a ciki. Da safe ya saka mata a jakar makaranta.

Tana aji biyar wata yarinya ta buɗe ƙullin a gaban kowa, ta ce 'yar mai wanke-wanke ta zo da gindin tukunya. Daga ranar kwandon shara ke cin ƙanzon. Har yau yana kawowa, har yau tana cewa an gode, ta tura shi can ƙarshen firiji. Tana son babanta, so na gaske. Kunyar ce ta girma tare da ita, ta rasa yadda za ta sauke.

Gidan Selso tsohon gini ne a bakin unguwar Ammariyya, mai tagogin katako da suka leƙo titi. Fiye da shekara arba'in ke nan da Selso, wani mutumin Filifin, ya buɗe shi da girkin kakarsa, wadda ta yi aiki a gidan wasu 'yan Sifen a can ƙasarsu. Bangon cike yake da hotuna da suka koɗe, fanka tana juyawa a sama kamar ba ta so, ƙamshin tafarnuwa da za'afaran kuwa tun daga bakin ƙofa yake tarbar mutum.

Hajiya Mastura, mahaifiyar Mus'ab, ta riga ta zauna, ta naɗe cikin taub, lafayar matan Sudan, mai ruwan zuma, awarwaro har rabin hannu. Ikilima ta sunkuya ta sumbaci kanta.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya lau, 'yata. Masha Allah... Zauna nan kusa da ni in gan ki da kyau."

Ta zauna. Kujerar da aka ba ta kuwa, kamar da gangan, tana kallon 'yar tagar da ake miƙo abinci daga madafa.

Ba a yi minti biyar ba ta gan shi. Farar hula, tawul a kafaɗa, gumi yana bin furfurarsa. Ya ɗago zai miƙa faranti, idonsa ya faɗa cikin nata. Fuskarsa ta washe, har ya fara ɗaga hannu.

Ikilima ta kawar da kai, ta shiga gyara cokalin da ba abin da ya same shi.

Da ta sake dubawa, tagar ba kowa. Ya gane. Malam Adamu mutum ne da ba a yi masa magana sau biyu, wani lokaci ma ba sai an yi ba.

Aka fara kawo 'yan naɗe-naɗe masu kama da sambusa, sai kaza da aka dafa da tafarnuwa da ruwan tsami irin na mutanen Filifin. Mus'ab yana ta bayani kamar shi ya girka.

"Yumma, wannan adobo sunanta. Amma ki bar wuri, fayela na nan tafe. Abokan aikina na tashar jiragen ruwa suka nuna mini gidan nan, wallahi ko a mafarki..."

"Ka bar ni in ji da bakina." Ta juya ga Ikilima. "Mahaifinki fa? Mus'ab ya ce yana harkar abinci. Kanti gare shi?"

"Yana... yana nan lafiya, Hajiya."

Hajiya ta ɗan dube ta, ta mai da hankali kan farantinta.

Sai ga fayelar a wani faffaɗan kasko, shinkafa ja-ja-wur da za'afaran, jatan lande a jere a kai, tana ta tururi. Tsoho Selso da kansa ya biyo ta, yana dogara sanda. Ya karɓi cokalin katako, ya ture shinkafar sama gefe, ya sa ƙarfi ya kankaro gindin kaskon. Ya ɗora a farantin Hajiya da hannu biyu, ya ɗan rusuna.

Hajiya Mastura ta dubi farantin. Ta dubi ɗanta.

"Mus'ab, mene ne wannan?"

"Yumma..."

"Ƙanzo ne ko idona ne? Ga shinkafa cike da kasko, ni za a kankaro wa ƙanzo? Don sun gan mu baƙaƙe?" Ta juya harshe zuwa Larabci. "A kira mini wanda ya dafa abincin nan!"

Selso kunnensa ya yi nauyi, sai murmushi yake yi yana gyaɗa kai, abin da ya ƙara tunzura ta. Mai kawo abinci ya ruga madafa.

Ikilima ta sunkuyar da kai. Ta roƙi Allah a ranta kada ya fito.

Ya fito. Ya cire tawul ɗin daga kafaɗa, ya tsaya nesa kaɗan da teburin, hannuwansa a baya. Ko sau ɗaya bai kalli inda take ba.

"Kai ka dafa?" in ji Hajiya da Larabci.

"Ni ne, ya sitti. Ma'alesh, a yi haƙuri. Yanzu za a canza."

Da Larabci ya amsa, tsantsa, don kada Hausa ta tona abin da 'yarsa ta rufe.

Hajiya ta ce da ɗanta da Hausa, tana ganin ba mai ji, "Dubi tsoho da furfura, ko ladabin baƙo ba a koya masa ba. A gidanmu kaji ake watsa wa wannan."

Malam Adamu ya ji sarai. Sai ya matso ya ɗauke farantin Hajiya a hankali. Ya zagayo gefen Ikilima, idonsa a ƙasa.

"Ke ma in canza miki, ya ustaza?"

Ya ustaza. Mutumin da ya koyi kitso a wajen maƙwabciya don kada ta je makaranta da kai a tsefe. Mutumin da ya yi kwana uku a tsaye lokacin da ƙyanda ta kama ta. Shi ne yake kiranta kamar baƙuwa, don dai ya taya ta ɓoye shi.

Kujerarta ta yi ƙara a kan daɓe sa'ad da ta miƙe. Ta riƙe hannunsa mai tabon ƙuna, ta karɓi farantin.

"Abuya... Baba, bar shi."

"Ikilima," ya ce a hankali, da Hausa yanzu, "zauna, 'yar nan. Ba komai."

"Akwai komai, Baba." Hawaye ya riga ya zubo. Ta fuskanci Hajiya. "Hajiya, kin tambaye ni mahaifina. Ga shi. Malam Adamu. Ba shi da kanti, a madafar nan yake tun kafin a haife ni. Da ƙanzon nan ya raine ni... Mus'ab, ka yafe mini, na bar ka kana zaton abin da ba shi ba. In abin ya tsaya nan, to ya tsaya."

Hajiya Mastura ta kai gefen mayafinta baki. Ta tuna abin da ta faɗa da Hausa, kuma magana zarar bunu ce.

Mus'ab ya tashi. Ikilima ta rufe ido, ta ɗauka ƙofa zai nufa. Sai ta ji muryarsa kusa.

"Ya ammi, ka gafarce mu." Ya sunkuya ya sumbaci kan Malam Adamu, a kan hular da ta jiƙe da gumi. Sannan ya dube ta. "Wata takwas, Ikilima? Wata takwas ina yabon girkin surukina ban sani ba? Wannan kam za mu yi shari'arsa daga baya."

Sai a lokacin mai kawo abinci ya gama yi wa Selso bayani a kunne. Tsohon ya zaro ido, ya shiga magana da Larabcinsa mai gargada, yana nuna kaskon da sanda.

"La, la, Madam. Wannan ba saura ba. Wannan shi ne kan abincin. Mutanen Sifen faɗa suke yi a kansa. Kakata ta ce, babban baƙo shi ke cin gindin kasko. Adam ya ce mini, teburin can, ka ba uwar da hannunka." Ya dafa kafaɗar Malam Adamu. "Kuku goma na gwada, ba mai fitar da shi ja bai ƙone ba sai wannan. Da kunne yake dafawa, yana sauraren kasko."

Ya juya ga Ikilima, ya ƙura mata ido.

"Ke ce yarinyar? A abincin ma'aikata, babban kuku ke da gindin kasko. Haƙƙinsa ne. Shekara ashirin ban ga ya kai baki ba. Kullum takarda, kullum aljihu. In na yi magana ya ce, na binti ne, na 'yarsa."

Ikilima ta tuna kwandon sharar makaranta. Ta tuna ƙullin jiya da yake can bayan robar madara. Kukan da ta yi ta riƙewa ya ƙwace.

"Baba, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"To me zan ce?" Ya goge mata fuska da gefen tawul. "Abin da ya fi daɗi ne a wajen aikina, na kawo miki. Ai ba a yi wa kyauta dogon bayani."

Hajiya Mastura ta sauke mayafin daga bakinta. Mace ce da ban haƙuri yake yi mata nauyi a baki, amma ta san gaskiya in ta gan ta. Ta jawo kujerar da ke gefenta da hannunta.

"Malam Adamu, bakina ya riga hankalina. Ka yafe. Bismillah, zauna."

"Hajiya, ina kan aiki..."

"Uwar ango ce ta ce ka zauna. Ko sai na turo maza kafin ka ji maganata?"

Mus'ab ya sunkuyar da kai yana murmushi. Selso ya tura shi da sanda. "Yalla, Adam. Zauna."

Ya zauna a bakin kujerar, a ɗarare. Shekara talatin da ɗaya yana hango teburan nan ta taga, yau ya fara sanin yadda madafa take in an kalle ta daga nan.

Hajiya ta karɓi farantinta daga hannun Ikilima, ta gutsuri ƙanzon, ta tauna a hankali. Ya yi ƙaras-ƙaras a bakinta. Ta sake kai hannu.

"Hmm. Kaji ba za su ga wannan ba."

Ikilima ta ɗauki cokalin katakon. Ta kankare abin da ya rage a gindin kaskon, tas, har gefe-gefe. Mus'ab ya miƙo farantinsa da wasa, ta ture masa hannu. Ta juye duka a gaban babanta.

"Na binti ne," ya ce, yana ƙoƙarin mayar mata.

"Bintin ta ba ka. Ci, Baba."

Ya yi bismillah, ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa, idonsa ya cika taf.

"Ashe haka yake," ya ce. "Wallahi na manta."